Kwalbar Balsamik da Kwaɗon Inna

Maman Zuhra,

Ƙaninki Al-Amin ya cuci Inna, kuma da bokonsa ya cuce ta. Ashe kwana huɗu ke nan yana kwarara mata baƙin ruwan haɗa salak ɗin nan da ya sayo a Wuse, balsamik, a kan kwaɗon zogalenta, kamar mai zuba miya a tuwo. Yau ta tashi da jiri, na auna suganta ya haura ɗari biyu da hamsin.

Na tsare shi. Wai khal ne, wato binigar, da man zaitun, masu albarka, ko nawa aka sha magani ne. Har da ce mini, "Yaya, Turawa ma da shi suke rage ƙiba." Ni ban je jami'a ba, amma na sa tabarau na karanta bayan kwalbar. Cokali biyu ne ƙa'ida, a ciki akwai sukari da gishiri, man ma yawancinsa na waken suya ne. Mai lafiya ya ɗan yayyafa, ba laifi. Amma tsohuwata, mai ciwon suga da hawan jini, rabin kwalba?

Na tafi da ita asibiti. In kin dawo daga Zuba, lemon tsami kaɗai za ki matsa mata a kwaɗon rana.

Shi kuwa na yanke masa: ya cire hannunsa daga kwanon Inna. Kuma har ƙarshen wata, abin da ta ci shi zai ci, lami, ba gishiri ba sukari.

Sale