Wa Zai Ga Sakamakon Mama

Litinin, 3 ga Maris
Na gama kafa sabuwar na'urar da za ta riƙe rumbun bayanan ɗakin gwajin jininmu. A sito aka ba ta wuri, tsakanin tsintsiya da kwalayen safar hannu. Sai yau na gano kowa a nan da sunan Oga yake shiga, kalmar sirrin kuma tana manne a jikin firij. Har direba ya haddace ta.

Laraba, 5 ga Maris
Na raba izini. Anti mai karɓar baƙi suna da lambar waya kawai za ta gani. Masu gwaji su shigar da aikin hannunsu kawai. Likita ne kaɗai zai buɗe sakamakon mutum. Oga na bar masa rahoton wata, babu sunaye. Ya kira ni ofis: "'Yata, wurin nan nawa ne ko naki?" Na ce nasa ne, jinin ne dai ba nasa ba. Bai yi dariya ba.

Alhamis, 6 ga Maris
Ashe ga abin da na rushe musu. In wanda suka sani ya zo gwaji, sai su leƙa sakamakon, su riga likita zuwa gidansa jaje. Anti da bakinta ta ba ni labari, har da alfahari. Bara ta yi wa maƙwabciyarta sallama da kwanon abinci da "Allah ya ba ki lafiya", matar ba ta ma san tana da ciwo ba. Mijin na zaune, uwarsa ma. Na ce, yaya aka ƙare? Ta ce, "Ai sun rabu, amma dama zaman ba daɗi."
Wai zumunci ke nan.

Litinin, 10 ga Maris
Sun raɗa min Madam Kwaɗo, wai na kulle komai. Gaisuwa ma sai na roƙa.

Talata, 11 ga Maris
Mama ta zo a ɗebi jininta, saboda ramar nan da ta ƙi tsayawa. Anti ta rungume ta: "Mama, 'yarki ta hana mu kula da ke!" Mama ta harare ni, a gaban kowa, ta ce in rage kaifin baki. Oga kuma ya ga dama ta samu, wai in buɗe wa manya izini "ko don Mama". Don Maman ce ma ba zan buɗe ba.

Alhamis, 13 ga Maris
Sakamakon ya shiga da rana. Likita sai gobe. Yaya ya bugo: "Ba ke ce mai makullin ba? Duba mana, mu san da wace fuska za mu shiga gida." Na yi masa lacca mai kyau a kan sirrin mara lafiya, ya ce in ajiye digirina in yi magana kamar 'yar gida. Na kashe wayar.
Sai ga ni na rubuta wa na'urar umarnin buɗe sakamakon, har sunan Mama. Maɓalli ɗaya ya rage. Ba wanda zai sani, tunda ni ce mai duba wa ya duba.
Na goge. Na sake rubutawa. Na tashi na wanke kofin da ba nawa ba.

Juma'a, 14 ga Maris
Da safe na cire wa kaina izinin karanta sakamako, na sa likita ya canza babbar kalmar sirrin ina kallon bango. A rahoto na ce ƙa'idar tsaro ce. Ai ƙa'idar ce.
Mama ta ce ita kaɗai za ta shiga wurin likita. Na zauna a bencin jira kamar kowa. Anti ta baro teburinta ta zauna kusa da ni, ba ta san komai ba, kuma abin mamaki ba ta tambaya ba. Hannunta gumi. Ban san lokacin da na riƙe shi ba.
Mama ta fito tana ninke takardar, ta tura cikin jaka ta ja zip. "Mu je gida. In na huta zan faɗa muku abin da na ga dama."
Haushi kamar ya kashe ni. Na ɗaukar mata jakar, ban buɗe ba.