Hotunan Karnuka da Ƙanƙara

Ɗana Sani,

Gaisuwa mai yawa. Ya jikinka, ya Maryam da yara, ya sanyi? Mu lafiya, sai tsadar hatsi.

Hotunanku sun iso. Da na ga karnuka na janku a kan ƙanƙara, kai kuma tsugune bakin rami kana kamun kifi, na ɗauka yunwa ce ta kai ku haka. Na yi kuka, na sa liman ya yi muku addu'a ranar Juma'a. Daga baya malamin firamare ya ce yawon hutu ne.

Yanzu har kasuwar Ɗanbatta ana cewa karatunka ya ƙare a kamun kifi. Ni na ja maka, ka yafe mini. Ka aiko hotonka a ofis, wanda babu kare, in nuna wa mutane.

Gaishe da yara, ku yi mana addu'a.

Innarka Hajara