Kwalbar Marigayi Harisu

Arlit, tsakiyar Sha'aban

Zuwa ga Hajiya Siddiƙa, a Damagaram.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kuna lafiya, ke da 'yarki Fa'iza da jikoki. Ya ƙarin haƙurinmu? Allah ya haskaka kabarin Harisu.

Tun muna da ƙarfinmu a Akokan, garin kamfanin ma'adinai, na taɓa jin raɗe-raɗin wai mijinki yana fita da kwalba daga kulob ɗin Turawa duk jajibirin Salla. Ban yarda ba, don a garin nan ko sabon keke ka saya sai an ce ka sace injin kamfani. Inda na tsinci maganar nan na bar ta. Sai ga shi kin kira ni shekaranjiya, kunnena kuwa kin san ya riga ni barin aiki. Abin da na kama kawai: littafi, Fa'iza, giya. Shi ya sa na ɗauki alƙalami.

In na fahimce ki, Fa'iza ta karanta miki littafin da marigayi ya bari, ta iske jan abin shan da yake haɗa muku ranar Salla ana zuba masa bodka, wato farar giyar nan mai kama da ruwa.

Na san littafin. Madam ɗin da ke kula da kulob ce ta ba mu da za ta koma ƙasarsu. Ni kuku, aka ba ni ƙato na girkin gida, wanda har yau in na buɗe shi ƙanshin man shanu nake ji. Shi mai haɗa abin sha, aka ba shi siriri mai hotunan kofuna. Hajiya, littafi daban, hannu daban. Nawa cewa yake a kwara jan giya a miyar nama, ni kuwa a gidana tsamiya nake sawa, kin kuma ci, har kin nemi ƙari. Ina zaton haka shi ma ya yi. Ki kwantar da hankalinki.

Ki gaishe da kowa.

Naku,
Ramalan

*

Damagaram, ƙarshen Sha'aban

Zuwa ga Malam Ramalan.

Wa alaikumus salam. Takardarka ta iso, mun gode. Muna gaishe da iyali.

Malam, zato ka aiko mini, ni kuwa ba zato na tambaya ba. Kwalbar da ka ji labari, akwai ta. Da idona na gan ta. Zai zuba siro, jan ruwan sukarin nan, da lemun tsami da na'a-na'a da ƙanƙara a gabanmu, yana karkaɗa tulun, yara suna tafi. In ya zo ƙarshe sai ya juya mana baya, ya zaro ta daga aljihun riga, ya ɗan tsiyaya. In na tambaya ya ce, "Sirrin Bature ne, Hajiya, ba a kallo." Da ka sha kuma sai ka ji ɗumi yana sauka har ƙirji. Fa'iza ta ce haka littafin ya kwatanta.

Ni na sha, na ba 'ya'yana. Na cika moɗa na aika wa matar liman. Tsohuwata ta sha shekarar da ta dawo daga Makka, ta sa masa albarka.

Tun da na ji maganar nan, in na ɗaga hannu zan yi wa abokinka addu'a sai bakina ya yi nauyi. Ga azumi ya zo. Ban san wa na zauna da shi ba. Na ɗaure littafin a tsumma, ina jiran amsarka kafin in sa shi a murhu. Kai ka tsaya kusa da shi a wurin aikin nan. Ka binciko mini gaskiya, ko ɗaci gare ta.

Wassalam,
Siddiƙa

*

Arlit, goman farko na azumi

Hajiya,

Assalamu alaikum, barkanmu da shan ruwa. Kin yi mini faɗa, na kuma karɓa.

Na hau ɗan kabu-kabu na je Akokan. Kada ki so ki ga wurin. Tun da aka rufe ramin ma'adinan, layinmu ya zama na awaki. Tafkin da Turawa ke iyo a ciki, wanda muke leƙe muna mamakin masu wasa da ruwa a tsakiyar hamada, yashi ya kwanta a ciki. Na tsaya ta tagar madafa, sai na ga kamar Harisu zai leƙo ya ce, "Kuku, miyarka ta kama." Ga kunnen banza, amma na rantse na ji ƙarar cokulan.

Na tambayi sauran tsofaffinmu. Amumun mai lambu, wanda ke kawo mana na'a-na'a, ya ce shi ganye ya sani. Wani ya ce ya ji, wani ya ce ya ji daga wanda ya ji. Har na fid da rai, sai wani dattijo ya ja ni gefe bayan la'asar, ya sa na yi alkawarin rufa masa asiri.

Ya ce shi ne ya fara ganin kwalbar a aljihun Harisu, shi ya baza zancen a gari. Lokacin yana saurayi, kansa na rawa, yana son ya ji abin da Turawa ke ji. Wani jajibirin Salla ya zo gidanku, ya tarar da rigar a rataye, ya faki ido ya zaro kwalbar, ya shiga bayan ɗaki ya kafa kai.

Hajiya, ya ce sai da ya ga taurari da rana tsaka. Kwalbar ta bodka ce, ba shakka, wadda aka yar, Harisu ya tsinta don murfinta na kamawa. Abin da ke ciki kuwa ruwan citta ne da kanumfari da masoro da barkono, an jiƙa sun tsumu. Tarinsa ne ya fito da Harisu, wanda ya yi dariya har ya zauna a ƙasa. Nan suka ƙulla: kai ba ka gan ni ba, ni ban gan ka ba. Mutumin bai iya janye jita-jitar da ya shuka ba, don sai an tambaye shi yadda ya sani.

Ya tambayi Harisu dalilin ɓoyon. Ya ce, "Daga kwandon Hajiya nake ɗiba. Ranar da ta gane kayan yajinta ne, za ta haɗa ya fi nawa. To, ni kuma me ya rage da zan yi mata da hannuna?"

Ki kwance littafin nan, bai yi laifin komai ba.

Ramalan

*

Damagaram, tsakiyar azumi

Malam Ramalan,

Barka da shan ruwa. Na sa an karanta mini sau biyu, na yi kuka, na yi dariya. Gaskiya ne kanumfarina yakan ragu gab da Salla, yaran gida sun sha ranƙwashi a kan haka.

Amma kai mutum ne mai daɗin baki, kuma abokinsa ne. Tun a Akokan ka iya shirya labari ya zauna daram. Dattijo marar suna ba shaida ba ne. Ka faɗa mini ko wane ne, in san ko bakinsa abin riƙewa ne. In babu suna, zan ɗauka tausayina ka ji.

Ina jira.
Siddiƙa

*

Arlit, goman ƙarshe

Hajiya,

Gaisuwa da fatan alheri. Na koma wurinsa da takardarki. Ya karanta, ya daɗe yana jan carbi, sannan ya ce in faɗa, ya gaji da ɗaukar abin, kuma har yau in ya ga barkono maƙogwaronsa yakan tuna. Roƙonsa ɗaya, kada jikoki su ji.

Ki yi wa mijinki addu'a da sakakken baki. Wanda ya faɗa mini kuwa kin fi ni sanin lambarsa, sai ki kira shi da kanki, amma ki bari ya sha ruwa tukuna. Yayanki ne, Alhaji Zayyadu, mai ja mana salla in liman ya yi tafiya.

Naku,
Ramalan