Jar Fatar Baba a Shahuci

Daga ƙaninka Habu a Ƙofar Ruwa, zuwa ga Yaya Sani a Tarabulus. Gaisuwa mai yawa da ban girma. Yaya iyali, yaya yara, yaya ciwon gwiwar nan? Mu nan sai godiyar Allah.

Bayan haka, Yaya, na yi abu ba da shawararka ba. An buɗe makarantar sana'a a Shahuci, aka nemi in koyar da dukanci, na amsa. Gida-gida na bi ina roƙon iyaye su kawo 'ya'yansu. Wani mahauci ya ce, "Malam Habu, ɗana fawa ya gada." Washegari da kansa ya kawo shi.

Ran Laraba na nuna wa yaran yadda marigayi Baba yake haɗa rinin karan dafi fata ta yi jan nan, abin da ya hana mu nuna wa bare. Ni Allah bai ba ni ɗa ba, naka kuma sun kama fatauci. Da aka shanya fatun, sai tsakar makarantar ta koma min gidanmu na da, har na ji kamar tarin Baba a bayana. Tun ranar nake hango jar fatarmu a kan raƙuma, ɗinkin jikokin mutanen da ba mu sani ba.

In na yi laifi ka yafe min, ka sa mu a addu'a. Ka gaishe da kowa da kowa. Basillar Baba da ke wurinka, in ka yarda ka aiko da ita. Yanzu akwai hannun da zai riƙe ta. Wassalam.