Awon Hannun Tsuntsu

Zuwa ga Maman Tsuntsu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kin saba da wurin kwas ɗin, kuma karatu bai fi ƙarfinki ba. Na zaɓi in rubuto in ba direban asibitinku ya kai miki, domin kin san ni da waya: sai na ajiye nake tuna abin da ya sa na kira.

Mu nan lafiya lau, sai abu ɗaya. Bututun gas na benenmu ya fashe a ƙasan matattakala. Babu wanda ya ji rauni, alhamdu lillahi. Amma masu gyara sun rufe shi, sun ce kafin su gama canja bututun gidan gaba ɗaya kada kowa ya ƙyasta ko ashana. Na ɗauko rishon lantarkinki, ina jona shi wutar gidan duka ta ɗauke, mai kula da gida ya hawo da kansa ya karɓe shi. Firji kaɗai aka bar mana.

Ina sayo mana abinci idan na taso daga sito, amma kin san 'yarki. Ta tsinci ƙwaya biyu, ta juya cokali, ta ce ta ƙoshi. Ba a banza muka sa mata Tsuntsu ba.

Labari ya kai wa Yaya, ban san ta bakin wa ba. Ta zo, ko zama ba ta yi ba ta ce a miƙo mata hannun yarinya. Kin san awonta, ta zagaye wuyan hannu da babban yatsa da manuniya. Haka ta auna ni ina ƙarami, haka ta auna nata 'ya'yan. Yatsun suka haɗu har suka hau juna. Ta dube ni ta ce, "Ƙarshen wata zan dawo in sake aunawa. In haka na tarar, da ita zan tafi, sai uwarta ta dawo."

Gidan Yaya yana can ƙarshen gari, makarantar Tsuntsu kuwa tana bayan layinmu. Ga shi na yi miki alkawarin za ki dawo ki same mu tare. Kuma gaskiya, in ta tafi gidan nan zai yi mini girma. A ranar na rubuta a littafin nan nawa na tsare-tsare cewa Yaya ba ta kyauta ba. Da safe na karanta, sai na ga kamar ita ce mai gaskiya. Me kika gani?

Tsuntsu tana gaishe ki, ta ce in gaya miki haƙorinta na gaba yana rawa.

Naki,
Baban Tsuntsu

*

Malam Tsari,

Wa alaikumus salam. Wasiƙarka ta iso, na karanta ta a ɗakin hutu ina dariya har abokan kwas suka tambaye ni ko lafiya. Kai ne ka kashe wutar bene guda? Da ma ina nan in ga fuskarka.

Ka kwantar da hankalinka. Yaya ta fi mu son yarinyar nan, bakinta ne kawai mai zafi. Kada ka yi musu da ita, ba ka taɓa cin nasara ba.

A saman kabad akwai gwangwanin ot, hatsin nan na Turawa. Ka zuba a kwalba, ka rufe shi da madara da ɗan zuma, ka bar shi ya kwana a firji, da safe ka yanka ayaba a kai. Akwai kifin gwangwani da waken gwangwani a bayansa. Tumatir da kokwamba da karas da kabeji ba su taɓa neman wuta ba, wanki suke so, ka wanke su sosai. Abin goga karas yana aljihun tebur na ƙasa.

Abu ɗaya na roƙe ka: kada ka tsaya a kanta kana ƙirga lomarta. Ka ba ta kwano ka bar ta ta sa hannu. Ni ban taɓa bari ba saboda tsoron wuta da tafasasshen mai. Yanzu tunda babu su, kicin nata ne.

Ka gaishe min da Yaya, ka sumbaci mai haƙori.

Taka,
Maman Tsuntsu

*

Zuwa ga Maman Tsuntsu,

Assalamu alaikum, da fatan kina cikin ƙoshin lafiya. Ina da albishir, ina kuma da abin kunya, bari in fara da albishir.

Ot ɗin ya yi. Na buɗe kwalba da safe na tarar ya kumbura ya yi laushi kamar an dafa. Tsuntsu ta yanka ayaba da wuƙar tebur, ta ci rabin kwalba ba tare da na ce uffan ba. Na juya baya ina wanke cokalin da babu abin da ya same shi, don kada ta ga ina kallo.

Abin kunyar kuwa, zama na yi na yi tunani. Na ce ot hatsi ne, shinkafa ma hatsi ce, abin da madara da firji suka yi wa wannan za su yi wa wancan. Na duba tunanin ta kowane gefe ban ga inda ya ɓaci ba. Na jiƙa shinkafa a babbar kwalba, har na gaya wa Tsuntsu gobe akwai shagali. Da safe na kai cokali baki. Maman Tsuntsu, tsakuwa ce a cikin madara. Na ce wataƙila lokaci ne bai isa ba, na mayar. Washegari ta zama tsakuwa mai tsami. 'Yarki ta yi dariya har ta kwanta a ƙasan kicin, ta ce, "Baba, daga yau kai ne mai wanke-wanke, ni ce mai girki." Ban musa ba.

Tun daga nan ita ke ba da umarni. Tana goga karas da kabeji ta matse lemun tsami, ta dagargaza kifi da cokali mai yatsu, ta cika burodi har ya ƙi rufuwa. Kowane burodi sai ta yi masa fuska, idanu na kokwamba, baki na tumatir. Akwai mai ɗaure fuska, ta ce wannan Gwaggo ce, shi ta fara cinyewa. Ta kuma ƙirƙiro wani abu da kanta: ta cire ƙwallon dabino, ta murje dabinon da markaɗaɗɗiyar gyaɗa da ot, ta mulmula ƙanana. Rabi yana shiga tire, rabi yana shiga ciki.

Ba mu kaɗai ba ne. Da yamma maƙwabta kan fito da farantansu mu zauna a matattakala, tunda kowa halinsa ɗaya. Tela na ƙasa yana kawo kankana, Malama ta hawa na biyu tana kwaɓa fiya da yogot. Shekarunmu nawa a gidan nan ban taɓa jin dariyar Tela ba sai yanzu. Labarin shinkafata ne ya jawo ta, 'yarki ce ta kai masa.

Duk da haka hankalina bai kwanta ba. Na gwada awon da kaina, yatsuna suka haɗu har da saura. Na ce nawa sun fi na Yaya tsawo, ba hujja ba ce. Sai kuma na ce wataƙila ina yi wa kaina daɗin baki ne. Ki sa mu a addu'a.

Naki,
Baban Tsuntsu

*

Auta,

Salamu alaikum. Ina gaisuwa. Na ji an ce shinkafa kake jiƙawa a madara kana ba 'yar mutane. Allah ya shirye ka. Asabar ina tafe da hantsi, zan zo da abinci mai zafi irin wanda mutane ke ci. Kada ka fita, kada kuma ka cika ta da ruwa don ta yi nauyi, na san ka.

Yayarka

*

Zuwa ga Maman Tsuntsu,

Assalamu alaikum. Ina rubuto miki ne ban san matsayinmu ba.

Tun da asuba na haɗa wa Tsuntsu jakarta, kayan makaranta a sama, na barci a ƙasa. Na ce in tafiya ta kama, kada a tafi cikin hargitsi. Na ajiye ta bayan ƙofa.

Yaya ta iso da kula biyu, tana haki daga hawan bene. Abin da ta fara gani jakar ce. Ta ce, "Wa zai yi tafiya?" Na ce na shirya ne kawai don ko ta-kwana. Ta ce ashe ni ma ban yarda da kaina ba. Na karɓi kulolin na ajiye.

Tsuntsu ta fito da tire, hannunta duk dabino. Ta gaishe da Gwaggonta, ta zaunar da ita, ta ajiye mata burodi mai fuska. Na tuna da mai ɗaure fuskar nan, amma da na duba sai na ga wannan karon an yi masa baki mai murmushi. Yaya ta juya shi ta kowane gefe, ta tambaya wane ne wannan mai manyan idanu. Aka ce mata ita ce. Ta ce hancinta bai kai haka muni ba, sannan ta gatsa. Ta ce sanyi ƙalau, ba abinci ba ne. Ta cinye. Ta ɗauki dunƙulen dabino don ta ji abin da ake cutar yarinya da shi, ta ƙara wani don na farkon bai faɗa mata komai ba.

Suna cikin ci Yaya ta ce in kawo ruwa. Na shiga kicin, na tsaya zaɓen kofin da ba shi da tsaga. Ina ciki na ji ta ce, "Miƙo hannun." Kafin in fito an gama. Na tarar Yaya tana kallon yarinyar, ita kuwa kumatunta cike. Na tambayi yadda aka yi, Yaya ta ce ruwan ta aike ni, ba tambaya ba.

Da yamma ta sauka ta zauna da maƙwabta a matattakala, ta buɗe kulolinta aka cinye tas, Tsuntsu ma ta ci. Da za ta tafi ba ta ɗauki yarinya ba, ba ta kuma ce ta fasa ba. Cewa ta yi za ta rubuto miki. Jakar tana nan bayan ƙofa, ban kwance ba tukuna. In kin ji daga gare ta, don Allah ki sanar da ni.

Haƙorin ya fita, a cikin karas.

Naki,
Baban Tsuntsu

*

Ƙanwata,

Salamu alaikum, ina gaisuwa, ya karatu? Na je gidanki.

Ban samu na auna ba. Na kama hannun, yatsuna ba su gama zagayewa ba ta fizge ta kai cikin faranti, wai zan sa mijinki ya fito ya riga ta ɗaukar dunƙulen dabino na ƙarshe. Tun da aka haifi yarinyar nan nake riƙe hannunta, ban taɓa ganin ta ƙwace shi don abinci ba.

Ta zauna wurin ubanta. Ki gaya masa ya kwance jakar nan, ni in na faɗa masa sai ya tsaya tambayata ko na tabbata. Kuma ya aiko min da dunƙulen dabino cikin kulata da na bari. Na yarinyar nake so, kada ya sa hannu.

Allah ya dawo mana da ke lafiya.

Yayarku