Mun Hau Dutsen da Kake Kwance, Hamma

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Zuwa ga yayana, Hamma. Bayan gaisuwa irin ta ƙanwa ga yayanta, na rubuto ne in shaida maka cewa mun zo wurinka, ni da Inna.

Tun ranar da aka bugo waya Gwandu aka ce kogi ya tafi da kai kana bakin aikinka na gadin gandun daji, aka kuma binne ka can kan dutse saboda damina ta yanke hanya, Inna ba ta sake cin abincin kirki ba. Ana gama yankan gero ta ce a kai ta.

A Kalgo muka shiga mota. Ka san ƙasarmu, fadama da gonaki ne shimfiɗe iya ganin ido. Da muka nausa cikin Taraba sai hanya ta fara nannaɗe dutse, motar na nishi, kunnuwana suka toshe. Fasinjoji sai ɗaukar hoto suke yi. Na tuna kana cewa, "Hadiza, can daga sama ake leƙen hadari." Na leƙa, Hamma. Gaskiyarka ce, amma ban ji daɗinsa ba. Inna ko tagar ba ta kalla ba, carbinta take ja.

Inda hanyar mota ta ƙare, abokin aikinka Malam Buba ya tarye mu. Ya ce sauran tafiyar ta ƙafa ce, gara tsohuwa ta jira a ƙasa. Ta ce, "Ɗana, daga Gwandu na taho. Ba ni tsayawa nan." Sai ya saro mata sandar gora.

Muka haura cikin ciyawa mai raɓa, sanyi na ratsa ƙashi. Birai na kallonmu daga kan itatuwa, ga ruwa na gangarowa daga dutse fari fat. Ƙafafun Inna suka kumbura, ta cire takalmanta ta miƙo mini.

Mun tsallake kogin nan da ya tafi da kai da ƙafa. Yanzu ko gwiwata bai kai ba. Har yau abin na ci mini rai.

Kabarinka na gindin wata bishiya da ban san sunanta ba, an kewaye shi da duwatsu. Inna ta zauna ta dafa ƙasar da hannu biyu. Kai ne ɗan farinta, tun da na yi wayo ban taɓa jin sunanka a bakinta ba, sai dai ta ce "yayanku". Ran nan a hankali ta ce, "Umaru. Umaru, ga ni na zo."

Malam Buba ya juya mana baya, yana share hawaye.

Allah Ya jiƙanka, Hamma. Ya haskaka makwancinka, Ya sa ruwan nan ya zame maka shahada. Ya ba Inna haƙurin da mu ba mu iya ba ta ba.

Ƙanwarka,
Hadiza