Gonar Baƙuwa a Cake

Talata, 19 ga Yuni, 1984
Halimatu ta zo daga jami'a da irin gero cikin 'yan jakunkuna. Ɗiyar marigayi Iliyasu ce, abokina tun muna karatun lakkwal, wato boko, a Tasawa. Ta ce geron nata ba ya jin fari, amma sai an gwada. Na ba ta gefen gonata. Ta kafa turaku, ta ja igiya, ta ce, "Baba, a bar shi da ruwan sama kawai." Na ce to, ko da ma wane ruwa muke da shi?

Ni dai gerona na zango na shuka, irin da babana ya bar mani. Kakata kan ce da shi aka yi wa aljanu furar sulhu lokacin da aka sari garin nan na Cake.

Lahadi, 29 ga Yuli
Hadari ya taso, ya dube mu, ya wuce Kanan-Bakashe.

Alhamis, 16 ga Agusta
Zango ya naɗe ganye. Da asuba na ga Zara'u, uwargidana, da matan unguwa ɗauke da tuluna, sun nufi wajen turakun. Har da takin awaki a faifai. Na ce, "Ba an ce a bar shi ba?" Ta ce, "Malam, gonar baƙuwa ta ƙone a gidanmu? Marainiya kuma? Mi za mu ce ma uwarta?"

Muna yara, dokin baƙo ke fara cin harawa, namu yana kallo. Har na ji daɗi da na ga abin bai mutu ba a garin nan.

Asabar, 22 ga Satumba
Duk Cake babu kore sai tsakanin igiyoyin Halimatu. Mutanen Urafan ma sun zo kallo a kan jakuna.

Laraba, 10 ga Oktoba
Halimatu ta zo da wani Alhaji Bature, mai kamfanin iri a Maradi, da wani soja mai ta ɗaukar hoto. Alhaji ya ce zai yawaita irin, baɗi duk ƙasar Mayahi da Tasawa shi za a shuka. Ya ce manya a sama suna ƙishin labari mai daɗi. Yarinya sai haske take yi, kamar ubanta ranar da ya ci jarrabawa.

Bayan sun tafi ta shigo shan fura. Zara'u ta miƙa mata ludayi tana alfahari: "Ai mun sha jidon ruwa, ɗiyata, dubi kafaɗata." Halimatu ta ajiye ludayin. "Wane ruwa, Inna?"

Ba ta yi faɗa ba. Da ma ta yi.

Juma'a, 12 ga Oktoba
Ta kwana biyu nan, ba ta cin kirki. Alhaji ya dawo, na ji shi ta zaure: "Haba Madam, tulu nawa ne? Wa ya sani?" Ta ce, "Wanda zai cinye irin kakansa ya shuka nawa, shi zai sani baɗi."

Ni kaina da ma na fara tunanin daka ragowar zangona mu ci, tunda ga sabo na tafe. Haka kowa a unguwa.

Litinin, 5 ga Nuwamba
An ce ta shaida wa shugabanninta gwajin ya lalace, ba ta san ko irin yana jure fari ko ba ya jurewa ba. Alhaji ya koma wajen wani malamin jami'a. Tafiyar ƙarin karatun da aka yi mata alkawari an ba wani. Zara'u ta yi kuka, tana cewa ita alheri ta yi. Gaskiya ce kuwa. Na rasa wanda zan ba laifi, sai na ba rana.

Talata, 8 ga Janairu, 1985
Rabin gari ya tafi kudu. Muna cin dawar taimako, ja, mai taurin kai. Irin zango yana cikin tulu, na liƙe bakin da laka. A da, war haka ne ake zaɓen zangarniyar iri a gindin rumbu, babana yana auna kowace da damtsensa.

Asabar, 29 ga Yuni
An yi ruwan shuka. Halimatu ta dawo a motar kasuwa, ita kaɗai, ta rame. Ta durƙusa ta ce, "Baba, ko za a ƙara ara mani wurin?" Wannan karon layi ɗaya nata, layi ɗaya zangona. Ta ce in nawa ya fi, haka za ta faɗa.

Laraba, 24 ga Yuli
Ruwa ya ɗauke 'yan kwanaki, layukan duka sun ɗan yi laushi. Habsatu maƙwabciya ta zo da tulu, na mayar da ita, har da ɗaga sanda. Ni da ban taɓa korar mai alheri ba. Yanzu can gonar nake yini. Na ce wa Zara'u inuwar gawo nake zuwa sha, ta dube ni kawai. Gawo ba ya da ganye da damina.